Magana da Baki Ake Auna Ta: Tsokaci a Kan Jarrabawar Furucin Ingilishi

1.0 Gabatarwa

A kowace shekara, daidai lokacin da damina take faɗuwa, ɗaliban ajin ƙarshe na makarantun sakandare a Nijeriya sukan shiga ɗakin jarrabawa domin amsa wata takarda ta darasin Ingilishi, wadda hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, take kira Test of Orals. Ma'anar sunan ita ce gwajin magana da baki. Sai dai duk wanda ya leƙa ɗakin a wannan rana zai tarar da shi tsit, ba a jin komai sai motsin takardu da takun masu sa ido. Ɗalibi yana zaune da fensir a hannu, ko kuma a gaban kwamfuta a inda aka fara amfani da ita, an ba shi tambayoyi 60 da zai amsa cikin minti 45, kowace tambaya da zaɓin amsoshi a ƙarƙashinta. Idan ma ya kuskura ya furta kalmar da ake tambaya a kanta domin kunnensa ya taya shi, yana iya jawo wa kansa zargin satar amsa. Haka zai shiga ya fito, a ba shi maki a kan magana, alhali babu wanda ya ji muryarsa.

Wannan takarda tana ɗauke da maki 30 daga cikin maki 170 na darasin baki ɗaya. Darasin Ingilishi kuwa shi ne ƙofar da ɗalibi zai bi kafin ya sami gurbi a jami'a, domin wanda bai sami kiredit a cikinsa ba sai ya sake zama wata shekara, komai kyan sakamakonsa a sauran darussa. Saboda haka batun ba ƙarami ba ne. Ra'ayin da wannan muƙala take ɗauke da shi shi ne, ba a sanin gwanintar mutum a magana sai an saurare shi yana yi, kuma idan an tashi saurarensa, abin da ya dace a auna shi ne ko ana fahimtarsa, ko da lafazinsa bai yi kama da na mutanen Landan ba. Hausawa suna cewa sai an gwada akan san na ƙwarai, amma fa da sharaɗin a gwada ainihin abin da ake son a sani.

2.0 Abin da Takardar Take Aunawa

Harshen Ingilishi yana da haruffa 26, amma sautukan da ake furtawa a daidaitaccen lafazin Ingila sun kai 44, wato baƙaƙe 24 da wasula 20, idan aka haɗa da tagwayen wasula. Wannan ya sa rubutu da furuci suka yi hannun riga a wurare da dama. Alal misali, kalmomin though da through da tough da cough duk sun ƙare da haruffa iri ɗaya, amma kowace da yadda ake furta ƙarshenta. Bahaushen da ya saba da rubutun boko, inda kusan kowane harafi yake wakiltar sauti guda, dole ne ya sha wahala a nan. Don haka sanin dangantakar rubutu da furuci abu ne mai amfani, kuma shi ne abin da takardar take ƙoƙarin tabbatarwa. Akan ba ɗalibi kalma a ja layi a ƙarƙashin wani harafi, a ce ya zaɓi wadda take da sauti irinsa. Akan tambaye shi amsa-amo, da gaɓar da ake ƙarfafawa a cikin kalma, da kalmar da aka ƙarfafa a cikin jimla, da kuma alamomin rubuta sauti.

Duk wannan ilimi ne game da harshe, kuma sanin abu game da harshe daban yake da iya magana da shi. Ana iya samun ɗalibin da ya haddace tambayoyin shekarun baya, ya san cewa ba a furta harafin b a kalmar debt, ya ci 50 cikin 60, amma idan baƙo ya tare shi a tasha ya tambaye shi hanya da Ingilishi, sai ya yi ta kame-kame. Ana kuma iya samun wanda ya tashi a bariki ko a unguwar da ake cuɗanya da ƙabilu daban-daban, bakinsa ya faɗa, amma ya faɗi takardar domin bai taɓa ganin alamomin sauti ba. Jarrabawar da za ta ɗora na farko a kan na biyu da sunan magana, akwai gyara a cikinta. Mutanen ƙasar Hausa ba baƙi ba ne ga wannan gaskiya. A musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda aka soma a 1986, alƙalai zama suke yi su saurari mai karatu, su ji yadda yake fitar da kowane harafi daga mafitarsa. Babu wanda zai yarda a raba wa 'yan takara takarda su zaɓi amsa, sannan a ce an fitar da gwani.

Dabarar gwada furuci a rubuce tana da tarihi. Masanin harshe Robert Lado ya ba da shawarar yin amfani da ita a littafinsa na 1961 kan gwajin harshe, a matsayin mafita inda ɗalibai suka yi yawa, ba za a iya sauraren kowa ba. A 1989 Gary Buck ya gwada irin waɗannan tambayoyi a kan ɗalibai a ƙasar Japan, ya kwatanta makin da suka ci a rubuce da yadda suke furuci a zahiri, sai ya tarar dangantakar da ke tsakanin biyun mai rauni ce ƙwarai. Tun kafin wannan ma, jarrabawar ƙwarewa a Ingilishi da Jami'ar Kambirij ta fara a 1913 tana da takarda ta ilimin furuci a rubuce, amma an cire ta a 1932, aka bar ɓangaren da ɗalibi yake karatu a bayyane, yake kuma hira da mai jarrabawa.

Babbar illar ma ba a ɗakin jarrabawa take ba, a aji take. Sanannen abu ne cewa malami yakan koyar da abin da ya san za a tambaya, ɗalibi kuma yakan karanta abin da ya san zai fito. Tun da ba za a saurari kowa ba, sai darasin magana ya koma kwafar jerin kalmomi daga allo. Ɗalibi yana iya shafe shekara shida a sakandare ba tare da an taɓa tsayar da shi ya yi magana ta minti biyu cur da Ingilishi ba.

3.0 Yadda Manyan Jarrabawoyi Suke Yi

Mafi yawan ɗalibai ba su gane wannan giɓi sai ranar da suka nemi tafiya karatu ko aiki ƙasar waje. Jarrabawar IELTS, wadda aka fara a 1989, tana da ɓangaren magana na minti 11 zuwa 14, inda ɗan takara yake fuskantar mai jarrabawa, ana kuma ɗaukar muryarsu. An kasa hirar kashi uku. A kashi na farko akan tambaye shi abubuwan da suka shafi rayuwarsa, kamar gida da aiki da karatu. A na biyu akan miƙa masa kati mai ɗauke da wani batu, a ba shi minti ɗaya ya shirya, sannan ya yi magana shi kaɗai har zuwa minti biyu. A na uku akan faɗaɗa batun, a nemi ya bayyana ra'ayi ya kuma kare shi. Ana ba da maki daga 0 zuwa 9 bisa ma'aunai huɗu masu nauyi ɗaya: gudanar magana da haɗuwar ma'anarta, yalwar kalmomi, nahawu, da furuci. Ita kuwa TOEFL ta Amurka, wadda ta samo asali a 1964, ta shigar da ɓangaren magana a cikin babbar jarrabawarta a 2005, lokacin da ta koma ta intanet, inda ɗan takara yake magana a makirufo ana naɗar muryarsa.

Abin lura a nan shi ne, furuci kashi ɗaya ne kawai cikin huɗu a ma'aunin IELTS. Sauran ukun sun shafi abubuwan da takardar zaɓen amsa ba ta da hanyar ganinsu ko kaɗan, kamar ko mutum yana iya ci gaba da magana ba tare da yawan tsayawa ba, ko yana iya kewayawa ya faɗi manufarsa idan wata kalma ta ɓace masa, ko kuma yana iya gyara kansa idan ya yi tuntuɓen harshe.

A ɗauki misalin ma'aikaciyar jinya da take son yin rajista a Birtaniya. Idan ta bi hanyar IELTS, hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta can tana neman maki 7 a ɓangaren magana. Wannan baiwar Allah ta ci WAEC, ta gama makarantar jinya da Ingilishi, tana rubuta rahoton marasa lafiya da shi kullum, amma yau ce ranar farko da wani ya zauna domin ya auna maganarta. Ga kuɗin rajista masu yawa, ga shi sakamakon shekara biyu kawai ake karɓarsa. Daga nan sai a ruga cibiyoyin share fage, inda wasu sukan haddace amsoshi sukutum, wasu kuma su shiga lanƙwasa harshe suna kwaikwayon 'yan wasan finafinan Amurka. Duka biyun asara ce. An horar da masu jarrabawa su gane amsar hadda, kuma da zarar an sauya tambaya sai mai hadda ya tsaya cik, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai kwaikwayo kuma hankalinsa yakan tafi ga yadda zai juya harshe, har ya manta abin da yake son faɗa. Shirin da yake da amfani shi ne na yau da gobe: mutum ya ɗauki batu, ya yi magana a kansa ta minti biyu, ya naɗi muryarsa a waya, ya saurara, ya ba wani ya gaya masa inda bai gane ba, gobe ya sake. Irin wannan horo a sakandare ya kamata a fara shi, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

4.0 Lafazin Wa Za a Ɗauka Ma'auni?

Da zarar an amince a saurari ɗalibi, sai wata tambaya ta taso: da wane ma'auni? Takardar WAEC ta dogara ne a kan daidaitaccen lafazin Ingila, irin wanda Daniel Jones ya tattara a ƙamusunsa na furuci a 1917. A Ingila kanta, 'yan tsiraru ne suke magana da wannan lafazi. Mutumin Sikotilan da na Amurka da na Indiya kowa da nasa, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Masana a Nijeriya sun daɗe da nuna cewa ƙasar tana da nata Ingilishin. Ayo Banjo ya kasa shi gida huɗu a 1971, ya nuna cewa akwai nau'in da 'yan ƙasa suke karɓa ba tare da ƙyama ba, baƙi kuma suke fahimta. Munzali Jibril, a bincikensa na digirin digirgir a Jami'ar Lancaster a 1982, ya fito da bambancin furucin Ingilishin Hausawa da na mutanen kudu. A 2020 ma babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Ingilishin Nijeriya, ciki har da okada da danfo.

Binciken Murray Munro da Tracey Derwing na 1995 a Kanada ya tabbatar da cewa nauyin lafazi da wuyar fahimta abubuwa ne mabambanta, wato mutum yana iya magana da lafazin garinsu sosai, amma a gane duk kalmar da ya faɗa. Jennifer Jenkins kuma, a littafinta na shekarar 2000, ta nazarci hira tsakanin mutanen da Ingilishi ba harshen uwa ba ne gare su, ta ware abubuwan da suke hana fahimta daga waɗanda ba su hanawa. Ta sami cewa yawancin baƙaƙe, da jerin baƙaƙe a farkon kalma, da tsawon wasali, da kalmar da aka ƙarfafa a jimla, su ne ginshiƙai. Sautukan da ake rubutawa da th kuwa, waɗanda malamai suke wahalar da yara a kansu, musanya su da wasu bai cika ɓata ma'ana ba.

Idan aka ɗora wannan a kan Bahaushe, za a ga inda ya kamata a sa ƙarfi. Hausa ba ta bambanta p da f a matsayin ƙwayoyin sauti biyu, shi ya sa kalmomin aro suka zama fensir da fasinja da fetur. Ba ta da v, sai aka sami direba da biza da talabijin. Tsarin gaɓarta bai yarda baƙaƙe biyu su jeru a farkon kalma ba, don haka akan cusa wasali a tsakaninsu, kamar a firamare da buroshi da fursuna. Waɗannan halaye ne na harshe mai tsari, babu abin kunya a cikinsu. Amma idan aka kwashe su aka kai cikin Ingilishi, wasunsu sukan sauya ma'ana. Wanda ya furta pan da fan iri ɗaya, ko pull da full, ko vote da boat, zai iya rikita mai saurarensa, kuma a bakin ma'aikacin asibiti ko na filin jirgin sama irin wannan rikici yana iya zama haɗari. Nan ne ya cancanci a rage maki, nan ne kuma ya cancanci a yi horo. Wanda kuwa ya ce zis a maimakon this, kowa ya gane shi, kamar yadda ake gane ɗan kudu da ya ce dis.

Haka kuma Bahaushe yana da jarin da ba a cika ambata ba. Kunnensa ya saba da dogon wasali da gajere, domin da su yake rarrabe gari na zama da garin tuwo, ko dafa abinci da dafa kafaɗa. Malamin da ya san wannan zai iya amfani da shi ya nuna bambancin ship da sheep cikin sauƙi. Abin da ya fi ba shi wahala shi ne ƙarfafa gaɓa, tun da Hausa da karin sauti take aiki, wato hawa da saukar murya a kan kowace gaɓa, Ingilishi kuwa gaɓa ɗaya yake dannawa ya raunana saura. Kalmar record idan suna ce gaɓar farko ake ƙarfafawa, idan aikatau ce ta biyu. Ɗalibi yana iya sanin wannan doka ya zaɓi amsa daidai, bakinsa kuma ya ci gaba da yin akasin haka, sai an saurare shi za a gane.

5.0 Hujjojin Masu Kare Tsarin da Ake Kai

Masu kare takardar zaɓen amsa suna da hujjoji, kuma adalci ne a saurare su. Ta farko ita ce yawan ɗalibai. A 2024 fiye da ɗalibai miliyan 1.8 ne suka zauna jarrabawar WAEC ta 'yan makaranta a Nijeriya. Idan za a ba kowannensu minti 12 shi kaɗai, ana bukatar awa 360,000, ban da kuɗin zirga-zirgar masu jarrabawa da horar da su. Wannan nauyi ne na gaske.

Ta biyu ita ce son zuciya. Na'urar da take duba takardar zaɓen amsa ba ta san ɗan wane ba, ba ta san ƙabila ko addini ba. Mutum kuwa yana da kunnen da yake karkata. A 1992 Donald Rubin ya sa ɗaliban jami'a a Amurka suka saurari murya guda ta wata Ba'amurkiya, amma aka nuna wa wasu hoton Baturiya, wasu kuma hoton 'yar Asiya a matsayin mai maganar. Waɗanda aka nuna wa hoto na biyu sun ce sun ji baƙon lafazi, fahimtarsu ma ta ragu, alhali muryar ɗaya ce. A ƙasar da ake gane yankin mutum daga kalmarsa ta farko, tsoron kada mai jarrabawa ya hukunta ɗalibi saboda asalinsa tsoro ne mai tushe. Ta uku kuma ita ce fargabar maguɗi, musamman idan aka bar makin a hannun makarantar da take son a ce ɗalibanta sun yi fice.

Waɗannan hujjoji sun nuna cewa aikin yana da wuya, amma ba su nuna cewa takardar da ake da ita tana auna magana ba. Ma'aunin da ba ya son kai, amma yake auna abin da ba shi aka sa shi ba, kowa yake zalunta daidai wa daida. Bugu da ƙari, hukumar WAEC ɗin kanta tana gudanar da jarrabawar baka ta gaske a darussan Faransanci da Larabci, inda ɗalibi yake buɗe baki a gaban mai jarrabawa. A Gana da Gambiya da Saliyo kuma, ɓangaren baka na Ingilishi ta hanyar sauraren murya da aka naɗa ake yin sa, wanda ko ba komai ya shigo da kunne cikin lamarin. Ke nan ilimin yadda ake yi yana nan a hannun hukumar, abin da ya rage shi ne yadda za a ɗauki nauyin yawan jama'a.

6.0 Mafita

Mataki na farko shi ne a raba aikin tsakanin makarantu, a maimakon a tara shi a mako guda. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta tanadi auna ɗalibi a kai a kai a tsawon karatunsa, kuma makin da makaranta take bayarwa yana shiga sakamakon ƙarshe. Ana iya ware wani kaso na wannan maki domin magana. Idan aka gwada ɗalibai bibbiyu, kamar yadda ake yi a wasu jarrabawoyin Kambirij, ajin mutum 80 zai zama rukuni 40. Minti biyar ga kowane rukuni ya ba da minti 200, wato darasi biyar na minti 40 a zango guda. A matakin ƙasa kuwa, ɗalibai miliyan 1.8 rukuni 900,000 ne, idan aka ba kowane minti 10 ya kama awa 150,000, idan aka raba wa makarantu 20,000 kowace za ta ɗauki awa bakwai da rabi. Gwajin bibbiyu yana da wata fa'ida, domin yana nuna ko ɗalibi yana iya saurare ya mayar da amsa, ya yi tambaya, ya ba abokinsa dama.

Mataki na biyu shi ne a rubuta ma'auni a fili, a ba malami da ɗalibi da iyaye. A fayyace abin da ake nufi da maki 1 da abin da ake nufi da maki 5 a kowane fanni: ko ana gane shi ba tare da an ce ya maimaita ba, ko maganarsa tana gudana, ko kalmominsa sun ishe shi, ko jimlolinsa sun tsaya daidai. A kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a rage maki saboda lafazin yanki, matuƙar bai taɓa ma'ana ba. Tsarin auna harsuna na Majalisar Turai, wanda ya fito a 2001 da matakai shida daga A1 zuwa C2, shi ma da aka sabunta shi a 2018 an daina ɗaukar ɗan asalin harshe a matsayin ma'aunin furuci, aka mayar da hankali ga fahimta.

Mataki na uku shi ne naɗar murya. A yau da wuya a sami makarantar da babu malami mai wayar da take ɗaukar sauti. Idan aka naɗi kowane gwaji, aka sa masa lamba a maimakon suna, hukuma tana iya zaɓar wasu daga kowace makaranta ta ba wani mai jarrabawa daga wata jiha ya sake saurare. Inda makin biyu suka yi nisa da juna, sai a binciki makarantar. Wannan zai rage son kai da maguɗi gaba ɗaya, ya kuma ba ɗalibin da yake ganin an zalunce shi hujjar ɗaukaka ƙara. Tun da hukumomin jarrabawa sun fara komawa ga kwamfuta, ƙara abin saurare da makirufo ba zai gagara ba, muddin an fara da makarantu kaɗan an ga inda gizo yake saƙa, an kuma tabbatar ba a bar makarantun karkara marasa wutar lantarki a baya ba.

Mataki na huɗu, wanda shi ne tushen sauran, yana hannun kwalejojin ilimi. Malamin da ba a taɓa auna maganarsa ba, ba zai iya auna ta wani ba. Ya dace ɗalibin kwaleji ya sami horo a kan yadda ake ba da maki, ta hanyar sauraren muryoyi iri-iri tare da abokansa, kowa ya ba da makinsa, sannan a tattauna dalilin saɓani har kunnuwa su daidaita. Ɗaliban sashen Hausa suna da rawar da za su taka a nan fiye da yadda ake zato, domin su ne suka karanci tsarin sautin Hausa, suka san dalilin da ya sa yaro yake cusa wasali a tsakanin baƙaƙe ko yake musanya p da f. Haɗa kai tsakaninsu da takwarorinsu na sashen Ingilishi zai samar da darussan da suka nufi ainihin matsalar yaron Kano ko Katsina ko Sakkwato, a maimakon jerin kalmomin da aka kwafo daga littafin da aka rubuta domin wasu. Wannan horo kuma zai yi musu amfani a nasu fagen, wajen auna masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, tun da matsalar iri ɗaya ce.

7.0 Kammalawa

Takardar Test of Orals tana da amfaninta a matsayin gwajin sanin dangantakar rubutu da furuci, kuma ana iya barin ta da wannan suna, a rage mata nauyi. Abin da bai dace ba shi ne a ci gaba da ɗaukar ta a madadin magana, domin hakan ya sa ajin Ingilishi ya yi shiru, ya kuma sa ɗalibai suna fita da takardar shaidar abin da ba a taɓa gwada su a kai ba. Waɗanda suka fi cutuwa su ne 'ya'yan talakawa, waɗanda ba su jin Ingilishi a gida, ba su kuma da kuɗin cibiyar share fage, makaranta ce kaɗai wurin da za su buɗe baki da shi. Gyaran tsarin ƙasa aikin hukumomi ne, kuma zai ɗauki lokaci. Amma malamin da ya shiga aji yana da ikon ware darasi ɗaya a mako ya tsayar da ɗalibansa bibbiyu su yi magana, ya saurara, ya rubuta inda aka gane su da inda ba a gane ba, ya kuma gaya musu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya saba a saurare shi tun yana aji ɗaya ba zai firgita ba ranar da ya zauna a gaban mai jarrabawa.